Takarda, Kati da Shata: Tarihin Gobir a Bakin Gobirawa

Duk wanda ya taɓa tashi daga Sabon Birni ya nufi Tsibiri ko Maraɗi ya san inda magana take sauya riga. Kafin ka fita Nijeriya, wanda zai tare ka a hanya ɗan kwastan ne ko ɗan sanda, abin da zai nema kuwa kati ne. Kana tsallaka iyaka ka shiga ƙasar Gidan Rumji sai ka tarar da ɗan duwan da jandarma, su kuma kart suke tambaya. Yaron da ka gani rataye da jaka lakwal za shi, malaminsa mushe ne, wutar da aka ɗauke musu jiya kuran ce, babbar motar da ta tule ku da ƙura kuwa kamyo. Amma tsaya ka gaisa da dattijon da ke zaune bakin hanya, nan ko can, ba za ka iya cewa ga ɗan Nijeriya ga ɗan Nijar ba. Dukansu "munka tahi" za su ce, da "shina nan lahiya", da "biyat", da "hwari", da "ɗiyata". Zanen da ke kuncinsu ma iri ɗaya ne. In kuwa ba ka da kati, ba ka da kart, kowane ɗayansu zai gane nufinka idan ka ce ba ka da takarda.

Na daɗe ina bin sawun kalmar nan ta takarda, kuma abin da na tarar har yau yana ba ni mamaki: ita da kati da kart uwarsu ɗaya. Tsofaffin Girkawa suna kiran fallen rubutu da ake yi da wata ciyawar bakin kogin Nilu khartes. Rumawa suka ara suka ce charta. Da mulkin Rum ya mamaye Afirka ta Arewa, kalmar ta faɗa bakin Barbar, kakannin Abzinawa, suka liƙa mata "ta" a gaba, wadda ita ce alamar mace a harshensu. A haka ta hau raƙumi ta ratso Sahara ta sauka wurinmu. Ita dai wannan kalma ta Rumawa ta bi wata hanyar ta shiga Faransa ta zama carte, ta haye Ingila ta zama card, bayan ɗaruruwan shekaru ta biyo jirgin ruwa, ɗaya ta Ikko ta zama kati, ɗaya ta Dakar ta zama kart. Ƙirɗasi da malamanmu suka sani a littattafan Larabci shi ma daga waccan kalmar Girkawa yake. Har shatar da muke ɗauka a tasha, ranar kai amarya ko kai mara lafiya asibiti, daga charter ta Ingilishi ta fito, wato yarjejeniyar da aka sa a rubuce, ita ma jikanyar charta ce. A Kataloniya, can arewa maso gabashin Sifaniya, carta na nufin wasiƙa, daidai yadda kakanninmu kan ce an aiko musu da takarda daga Kurmi.

Ba abin mamaki ba ne a ce ta ƙofar Gobir irin waɗannan kalmomi suka fi shigowa. Gobirawa da bakinsu suna cewa a Azbin suka zauna kafin su gangaro kudu, suka yada zango a Birnin Lalle, sannan Gwararrame, kafin su iso kwarin Rima. Ko bayan sun baro duwatsun Azbin ba su rabu da Abzinawa ba: yau yaƙi, gobe amana, jibi cinikin gishirin Balma da hatsi. Mutanen da kuka yi ɗaruruwan shekaru kuna wannan zama da su dole su bar maka wani abu a baki. Raƙumi nasu ne, da akalar da ake jan sa da ita, da amale, da ayarin da ya taho a ciki. Takobi nasu ne, azurfa da tozali da cuku ma haka. Dubi "ta" ɗin nan ta takarda, ga ta a takobi, ga inuwarta a tozali. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Maarten Kossmann, ya yi littafi sukutum a 2005 a kan kalmomin Barbar da ke cikin Hausa. Bagobirin da ke ɗaura wa raƙuminsa akala a Gatawa bai san da littafin ba, amma shi ne shaidar abin da ke ciki.

Daga gabas kuma Barno ta ba da nata. A 1960 Joseph Greenberg, masanin harsuna na Amurka, ya kawo hujja cewa karatu da rubutu da kasuwa ta bakin Barebari suka iso Hausa, haka nan sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima. Ya sa har da birni a cikin lissafin. Idan haka ne, sunan Sabon Birni kansa rabi namu ne, rabi aro.

Sunan da ya fi kowane ɗaukar hankalina shi ne Alƙalawa. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, ya kafa sabuwar hedikwata a bakin Rima, kufanta na nan ba nisa da Sabon Birni. Abin da aka gada a baka shi ne wurin gonakin Alƙalin Zamfara ne, shi ya sa aka kira shi Alƙalawa. Ka ga birnin Bawa Jan Gwarzo, wanda ake wa kallon cibiyar sarautar gargajiya, sunan alƙalin Musulunci yake ɗauke da shi, tun kafin a san za a yi jihadi. Alƙali kuwa al-ƙadi ne na Larabci, mun haɗiye shi tare da "al" ɗinsa, kamar yadda muka yi wa alƙalami da alkama da aljihu da almakashi da albasa. Akwai waɗanda suka daɗe a bakinmu har "a" ɗin ta goge, saura "l" kaɗai: littafi, labari, lokaci, laifi, lada, liman, lahira. Wanda bai yi karatun Larabci ba zai rantse waɗannan tare da Bahaushe aka halicce su.

A nan ne na fara waiwayar Katalanci, harshen da mutum miliyan tara zuwa goma ke ji a Barsalona da Balansiya da tsibirin Mayorka da ƙaramar ƙasar Andora da wani yanki na kudancin Faransa. Su ma sun zauna da Larabci. Barsalona ta fita hannun Musulmin Andalus tun 801, amma Tortosa sai 1148, Mayorka 1229, Balansiya 1238. Alƙalinmu na nan a bakinsu, alcalde, sai dai a wurinsu magajin gari ne. Abin lura shi ne sau da yawa Katalanci yakan yar da "al" ɗin da Sifaniyanci ya riƙe: inda mutumin Madrid zai ce azúcar, na Barsalona sucre zai ce, wancan ya ce almacén, wannan ya ce magatzem, wancan aduana, wannan duana. To ɗauki kalmomin nan uku ka dawo da su kasuwar kan iyaka. Sukari mun karɓe shi kai tsaye daga Larabawa, waɗanda suka karɓa daga Farisa, su kuma daga Indiya. Da Ingilishi ya zo ya sake miƙo mana shi a matsayin suga, shi ya sa yau wani zai ce ciwon sukari, wani ciwon suga. Mangazar da ɗan kasuwar Maraɗi ke tara buhuna a ciki magasin ce ta Faransanci, asalinta kuwa makhazin na Larabci, wato rumbuna. Ɗan duwan da ya tare ka a hanya, sunan aikinsa daga diwan ya fito, littafin lissafin hukuma, wanda shi ne diwanin da malamin zaure ke buɗewa ya karanta wa almajirai waƙoƙi. Wasu daga cikin kalmomin da muke ce wa na Nasara tsofaffin baƙinmu ne, sun zagaya ta Turai ne suka dawo da wata riga.

Sai jihadi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a ƙasar Gobir aka haife shi, a Maratta, a 1754. A Fabrairun 1804 ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, a watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto, a 1808 Alƙalawa ta faɗi aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Gobirawa ba su sallama ba. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya su a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama, sauran suka bi Mayaƙi suka kafa Tsibiri, dab da Maraɗi inda Katsinawan da suka ƙi mubaya'a suka riga suka zauna. Daga baya rikicin sarauta ya tashi a Tsibiri, wani ɗan gidan sarautar, Ɗan Halima, ya ɓalle, ya daidaita da Sakkwato, ya dawo kusa da kufan kakanninsa ya kafa Sabon Birni a wajajen shekarun 1860. Isa kuwa ribaɗi ce ta ɓangaren Sakkwato, gidan Bello ne ke riƙe da ita, kuma sarkinta ma Sarkin Gobir ake ce masa. Sarauta ɗaya ke nan a garuruwa uku, kowane da fahimtarsa ta abin da sunan ke nufi. Wannan ita ce iyaka ta farko da ta ratsa Gobir, an zubar da jini a kanta fiye da shekara sittin, amma ba ta raba harshe ba. Abin da zamanin ya ƙara shi ne wani sabon tulin Larabci. Waƙoƙin wa'azi da aka rubuta da ajami, irin na Nana Asma'u da ɗan'uwanta Isa, waɗanda 'yan taru suka kai har cikin gidajen ƙauye, su suka sa kalmomin da dā sai a zauren malam suka zama na tsakar gida. Waƙa kuwa ba ta tsayawa a bakin ganuwa, ta shiga Tsibiri kamar yadda ta shiga Isa.

Iyaka ta biyu a Turai aka zana ta. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi. A 1898 suka gyara, aka kafa ƙafar kamfas a Sakkwato aka zagaya da'ira mai nisan mil 100, duk abin da ke ciki na Ingila. Faransawa suka duba suka ga hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa Damagaram ba rijiya ba tafki. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratsa yankin ta ƙone Birnin Ƙonni, a Maris na 1903 Ingilishi ya ci Sakkwato. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 Ingila ta yarda ta ja layin kudu, cikin abin da Faransa ta bayar a madadi har da haƙƙinta na musamman na kamun kifi da shanya shi a gaɓar Newfoundland, can ƙetaren Atlantika. Aka ƙara daidaitawa a 1906. Ƙonni da Madawa da Tsibiri da Maraɗi suka koma hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka tsaya hannun Ingila. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi layin da ƙafa suka kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa Cadi. Ba a tambayi Sarkin Gobir ko ɗaya daga cikin ukun ba.

Cikin ayarin Tilho akwai wani hafsa tafinta, Moïse Landeroin, wanda duk garin da suka sauka yakan zauna da dattawa ya rubuta tarihin sarakunansu. Da suka koma Faris, shi da Tilho suka buga nahawun Hausa da tatsuniyoyi, suka kuma buga ƙamus na Hausa da Faransanci, a tsakanin 1909 da 1910. Tafiyar da ta tsaga Gobir biyu ita ce ta haifi ɗaya daga cikin ƙamusoshin farko na Hausar wannan yanki. Duk lokacin da na tuna haka sai in ji daɗi da ciwo sun haɗu mini wuri ɗaya, domin dattawan da suka ba shi kalmomin nan ba su san jikokinsu za su nemi izini kafin su je ta'aziyyar juna ba.

Katalawa sun riga mu ɗanɗana wannan. A 1659 sarakunan Faransa da Sifaniya suka yi sulhu suka mai da duwatsun Pirenis iyaka, yankin Perpignan ya faɗa Faransa, alhali harshensa da na Barsalona ɗaya ne. A 1700 Sarki Louis na 14 ya hana rubuta takardun hukuma da Katalanci a can. Yau in mutumin Barsalona ya ce wa mota cotxe, tsohon ƙauyen Perpignan votura zai ce, aro daga Faransanci. Har akwai wani gari, Llívia, da ma'anar kalma ɗaya ta yanke masa makoma. Da aka zauna a 1660 don tantance rabon, an ce a ba Faransa ƙauyuka 33 na kwarin da garin yake ciki. Wakilan Sifaniya suka kafe cewa Llívia gari ne mai daraja ta gari, ba ya cikin ƙauyuka. Har yau yana nan a matsayin ƙasar Sifaniya, Faransa ta kewaye shi ta ko'ina.

Kalmomin da suka fara shigowa Gobir bayan an kafa alamomin nan ba na daɗi ba ne, na mulki ne. Mutumin Isa ya koyi razdan da di'o da en'e da joji da kotu da fursuna da sammaci. Ɗan'uwansa na Tsibiri ya koyi kumandan da gardi da kaso da lanho. Kaso daga cachot ne, ɗakin duhu da ake jefa mai laifi. Lanho kuwa l'impôt ne, haraji, kuma a cikinsa za ka ga hannun Bagobiri sarai: ya haɗiye "l" ɗin Faransanci kamar yadda kakansa ya haɗiye "al" ta Larabci, ya kuma mai da "p" ta koma "h", yadda yake cewa tahi da lahiya. Haka ya yi wa l'école ta zama lakwal, le docteur ya zama lokotoro. A gefen Nijeriya ma ofis ohis ya koma, fam ya zama hwam. Baƙuwar kalma ba ta kwana a Gobir sai an yi mata zanen gida.

Sai dai rabon bai zo daidai ba. Kalmomin Ingilishi sun kutsa arewa da yawa, na Faransanci kaɗan ne suka gangaro kudu. A Maraɗi mota ake cewa, da tasha, da soja, da bariki, duk kuwa daga Ingilishi suke. Dalilin yana kan hanyar ciniki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa ya kai Ƙaura Namoda a 1929, tafiyar da ba ta da nisa daga Isa in ka bi ta Shinkafi. Gyaɗar Maraɗi shekara da shekaru ta Jibiya da Katsina take bi zuwa Kano, sai a shekarun 1950 Faransawa suka yi ƙoƙarin karkata ta ta Dahomey. Ga kuma 'yan cin rani, ga masu gudun lanho da aikin tilas, wanda Faransa ba ta soke ba sai 1946. Duk wanda ya sauko ya koma, da kalma yake komawa a cikin kayansa. Wasu ma sukan sauya ma'ana a hanya. Likita a Sabon Birni mutum ne, mai duba mara lafiya. A ƙauyukan Maraɗi in mace ta ce ta kai yaro likita, asibitin take nufi, mutumin da ke ciki shi ne lokotoro. Kuma da yawa daga abin da muke kira Ingilishi ba daga bakin Bature muka ji shi ba, daga bakin akawu da direba da ɗan kasuwa Bayarabe ne, tare da nasu na kansu irin su agogo da ashana da akwati da keke. Gobirawa da Yarbawa abokan wasa ne tun fil azal, kowa na cewa shi ne ubangidan wani. A fagen kalmomi dai Bagobiri ya ci bashi mai yawa.

Inda tarihin nan ya fi fitowa fili shi ne wurin ƙirgar kuɗi. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, wurin da aka yi ciniki da shi kafin zuwan Turawa. Ingilishi ya kawo fam da sule da sisi da taro da kwabo, huɗun ƙarshe duk sun biyo ta bakin Yarbawa, kwabo kuwa daga sunan jan ƙarfen da aka yi shi da shi. An daina kashe su bayan naira ta fito a ranar 1 ga Janairu 1973, kwabo kaɗai ya tsira da sunansa, amma har gobe mutum zai ce ba shi da ko sisi, ko ya ce ana samun taro da sisi. Dala ta fi su dogon tarihi. Daga wani kwarin haƙar azurfa na Bohemiya, Joachimsthal, aka sami sunan thaler a ƙarni na 16. Azurfar Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda ake ta bugawa da shekarar 1780 a jikinta, ta ratso Sahara ta zama abin adon mata da ajiyar attajirai. Da iyaka ta zo sai dala ta rabu biyu: a hannun Ingilishi sule biyu, a hannun Faransa tamma biyar. Shi ya sa har yau a kasuwar Maraɗi in an ce maka dala ashirin, sefa 100 ake nufi, jikka kuma sefa 1,000, alhali a gefen Nijeriya jaka fam 100 ce, wato naira 200. Ɗan canjin kan iyaka yana juya lissafin nan duka a kansa, ya ƙara da dalar Amurka, wadda ita ma daga wancan kwarin sunanta ya fito.

Masu ƙamus sun yi ƙoƙari, amma ba Gobir suka sa a gaba ba. Schön, wanda ya buga nasa a 1876, yawancin Hausarsa daga bakin Dorugu ya same ta, yaron ƙasar Damagaram da wani Bature matafiyi mai suna Barth ya tafi da shi Turai. Robinson ya fitar da nasa a 1899 da 1900 bayan ya zauna Kano. Babban cikinsu shi ne na Bargery, 1934, mai kalmomi wajen 39,000, kuma shi ya kyauta, domin yakan sa alama ya ce wannan ta Sakkwato ce, wannan ta Katsina, wannan ta Gobir. Amma da aka zo tsayar da Hausar makaranta da ta jarida, tun daga ƙa'idojin rubutu na Baturen da ake kira Ɗan Hausa a 1912 har zuwa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, karin Kano aka ɗauka. Na yarda dole a sami daidaitacciyar Hausa, ba don ita ba da littafin da aka buga a Zariya bai karantu a Damagaram ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sa yaron Isa ya ji kunyar "munka" da "ɗiya" da "biyat", a ce masa kuskure ne. Masana tarihin harshe sun nuna cewa a wurare da dama karin yamma ne ya riƙe tsohuwar siga, na Kano ne ya sauya. Ɗiya ta girmi 'ya.

Bin asalin kalma kuma yana son haƙuri, don kama da wane ba ta wane ba ce. Shekaru da yawa ana koya wa ɗalibai cewa boko daga kalmar Ingilishi ta littafi ya fito, saboda sun yi kama a kunne. A 2013 masanin harshen Hausa Paul Newman ya nuna cewa boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, algus ko yaudara, kamar yadda ake cewa amaryar boko, kuma kakanninmu da gangan suka laƙaba wa karatun Bature ita. Kuskuren ya ɓoye mana hukuncin da mutanen wancan zamani suka yanke da bakinsu.

Abin da Katalawa suka yi da rabuwarsu shi ne abin da nake kwaɗayi. Pompeu Fabra ya ba su daidaitaccen ƙamus a 1932, shekara biyu kafin na Bargery, kuma da Janar Franco ya ci yaƙin basasar Sifaniya a 1939 ya danne harshen, Fabra ya tsallaka wancan gefen iyaka, inda ake jin harshensa, ya rasu a Prada a 1948. Amma tun 1901 wani limamin kirista na Mayorka, Antoni Maria Alcover, ya aika wa jama'a takardar gayyata cewa kowa ya tattaro kalmomin garinsu. Ya bi ƙauyuka da kansa a Sifaniya da Faransa yana rubuta yadda kowane gari ke furta kowace kalma. Ya rasu aiki bai ƙare ba, almajirinsa Francesc de Borja Moll ya kammala a 1962, mujalladi goma. Mu ma muna da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero tun 2006, Hausa zuwa Hausa, kuma babban aiki ne. Saura irin na Alcover, wanda zai bi Gulbin Maraɗi daga Madarumfa zuwa inda ya faɗa Rima, ya bi Bunsuru da Gagare, ya rubuta sunan kowace ciyawar fadama, da kayan saƙa da na su, da kirarin Innar Gobir, da kalmomin fada. Masu iya aikin kuwa akwai su: Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana Sakkwato, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana Maraɗi, kuma duka biyun cike suke da 'ya'yan Gobir.

Lokaci kuwa ba ya jira, domin masu riƙe da kalmomin suna watsewa. Tun 2019 dubban mutane daga ƙauyukan Sabon Birni da Isa suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, wasu suka cika Sakkwato da sauran birane. A Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi, Allah ya jiƙansa. Yaran yankin sun tashi da kalmomin da bai kamata yaro ya sani ba: kuɗin fansa, infoma, 'yan sa-kai. Haraji ya dawo da wata ma'ana, abin da ƙauye ke tarawa ya kai daji kafin a bar shi ya yi noma. Hijira, wadda a littafin tarihi tafiyar Shehu ce daga Ɗagel zuwa Gudu, yanzu sunan halin da gwaggo da kawu suke ciki ne. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, amma waɗanda suka gudu da tsakar dare ba su nemi tafinta ba a garuruwan da suka sauka. An ce musu "sannunku da zuwa, ku shigo daga ciki", da karin da suka saba ji a gida. 'Ya'yansu da aka sa a lakwal a can za su dawo, in Allah ya kawo zaman lafiya, da mushe da kuran a bakinsu.

A can ɗin ma abubuwa na motsi. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. A Maris na 2025 hukumomin Yamai suka fitar da sabon kundin tafiyar da ƙasa wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Yadda za a aiwatar, da wace Hausa za a rubuta, ta lanho ko ta haraji, ta duwan ko ta kwastan, wannan magana ce da ke gaba. Kundin da Faransanci aka rubuta shi, kuma sunan da aka ba shi a harshen shi ne charte, daga charta ta Rumawa, wadda ta riga shi isowa Gobir a kan raƙumi.